Kalmar da Ta Shafe Jinyar Baba

Ƙanena Kabiru, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi ƙarya a kan mutuwar mahaifinmu, ya rubuta ta da Turanci ya watsa wa duniya, kuma ni ƙaryar ta faɗo wa a ka. Abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Ba gona ba ce, ba gida ba ne, ba kuma matanmu ne suka haɗa mu ba kamar yadda na san wasu sun gaya muku. Ku 'ya'yana kun taso kun tarar ba na ɗaukar wayarsa, in an ambaci sunansa a gidan nan sai in tashi in nemi takalmina. Na san kuna magana a bayana. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, hannun wanda ya tsaya a aji biyu na sakandare. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara, amma kada ya taɓa maganar.

Kakanku, Malam Isiyaku, manomi ne a Birchi, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba babban malami ba ne, ya dai sauke, ya san abin da zai bauta wa Allah da shi. Tun ina yaro ban taɓa jin ya shafa addu'a bai haɗa da roƙo guda ba: kada Allah ya ɗauke shi farat ɗaya, ya ba shi jinya ko ta kwana uku ce, ya samu ya nemi gafarar mutane. Har tsokanarsa abokansa suke yi, wai kowa na roƙon lafiya shi yana roƙon kwanciya. Ba ya dariya in sun faɗa. Nasa uban a gona ya faɗi, da fartanya a hannu, alhali ranar da safe sun yi cacar baki da maƙwabcinsa ba su shirya ba. Baba yana saurayi lokacin, shi ya ɗauko gawar. Abin bai taɓa barin ransa ba.

Mu biyu ne maza. Da Inna ta rasu, hannu ya yi wa Baba kaɗan a gona, sai aka ce ɗaya ya bar makaranta. Ni ne babba, ni na bari. Daga noma na koma awon hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, har na samu rumfa tawa. Kabiru ya yi ta karatu har ya samu aikin gwamnati a Abuja. Ban taɓa yi masa gori ba, yanzu ma ba gori nake yi ba, ina faɗa ne don ku san dalilin da ya sa shi ya iya Turanci ni ban iya ba.

Tsamin da ke tsakaninsa da Baba ya fara ne ranar sunan ɗansa na fari. Ya kawo matarsa gida wankan jego, aka taru a ƙofar gidanmu da safe, an raba goro, kowa ya san sunan da za a faɗa, don a wurinmu ɗan fari namiji sunan kakansa yake ci. Baba ya sa sabuwar riga. Sai liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan shugaban ofishin su Kabiru. Aka shafa fatiha, Baba ya dubi Kabiru a gaban jama'a ya ce:

“Allah shi raya. Ashe ubanka na Abuja, mu nan riƙo aka ba mu.”

Kabiru bai kwana a Birchi ba ranar. Daga nan gaisuwarsu ta koma ta waya, ina kwana, lafiya lau, ya iyali, sai an jima. Shekara uku suna haka, sannan ciwon ya zo.

Kafin faɗuwar damina ƙafafun Baba suka fara kumbura. Ya ce sanyi ne, aka jiƙa masa sassaƙe, kumburin ya hau har ciki. Na ɗauko shi na kawo shi asibiti nan Dutsin-Ma, suka tura mu Katsina. Kwana goma sha ɗaya muka yi can ina kwana a baranda. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce hanta ce, ta riga ta lalace, mu koma gida mu kula da shi, watanni ne suka rage. Na ce masa ya tsaya, ina da ƙane ɗan boko, kada in faɗa masa ya ce ban fahimta ba. Na kira Kabiru na miƙa wa likita wayar. A gabana suka yi magana da Turanci, ta kai minti goma. Da likita ya maido mini wayar na ce:

“Ka ji?”

Ya ce, “Na ji, Yaya.”

“To yaushe za ka zo?”

“Bari in ga ƙarshen wata.”

Ku riƙe wannan da kyau. Likita ne ya gaya masa, da yaren da ya fi yarda da shi.

Na so in ajiye Baba a gidana nan cikin gari, ya ƙi, ya ce a mai da shi Birchi. Da na gaya masa abin da likita ya ce, don ba na iya ɓoye masa komai, sai ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi, Allah ya karɓa. Wallahi murmushi ya yi. Na bar rumfa a hannun maƙwabcina, ranar kasuwa kawai nake hawa mashin in zo in duba in koma. Uwarku Rabi ta tattara ku ta biyo ni ƙauye. Ita ke dama masa kunu, ita ke wanke zannuwan da ba kowace suruka za ta taɓa ba, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Ni nake juya shi, ni nake yi masa alwala, ni nake ɗaukarsa in kai shi bayan gida. Mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma ina tallabe shi kamar jariri. Noman shekarar rabi muka yi, ciyawa ta cinye rabi.

Shi kuwa aikinsa ya kama. Ya sa aka fito masa da gado zaure, ya dinga aikawa ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda suka yi rigimar iyakar gona shekara talatin da suka wuce. Tsohuwar da ya taɓa jifan akuyarta ta karye. Wani da ya ce ya taɓa yi da shi a bayan idonsa, mutumin bai ma sani ba. Kowa ya zo sai Baba ya kama hannunsa da hannu biyu ya faɗi laifin da bakinsa, sannan ya ce a yafe masa. Tanko mahauci, abokin wasansa, da ya zo ya zauna bakin gado ya ce:

“Kai Isiyaku, wai kai ba ka iya mutuwa shiru kamar kowa? Sai ka tara gari?”

Baba ya ce, “Ranar da ka auna mani nama na ce ma ɓarawo a kasuwa, ka tuna?”

“Ni na manta.”

“Kai ka manta, wanda ke rubutawa bai manta ba. Ka yafe mani.”

“Na yafe. Ai ranar ma da gaskiyarka, ƙashi na cika ma.”

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Baba. Tanko ya fita waje ya jingina da bango yana kuka kamar mace.

Kafin gero ya fitar da kai ya gama da kowa, saura mutum ɗaya. Duk Juma'a bayan an sauko nake kiran Kabiru. Yau ya ce ana tantance ma'aikata. Wani satin shugabansa ya yi tafiya ya bar masa ofis. Wani satin hanya ba kyau, an tare mutane. Ban ce duk ƙarya ba ne, hanyar kam akwai tsoro a shekarar, amma direbobin Dutsin-Ma kullum suna zuwa suna dawowa, su ma da 'ya'yansu. Kuɗin magani yana aikowa, ban hana shi wannan ba. Na ce wa Baba tunda abin ya zama haka, ga waya, ku yi maganarku. Ya kawar da kai.

“Ba a neman gafara ta waya. Kowa hannunshi na kama, shi ma hannunshi nika so.”

In na haɗa su sai su gaisa kawai, ya jiki, da sauƙi, Allah shi ƙara sauƙi. Amma in ya ji ƙarar mota ta rage gudu a bakin titi sai ya ce, “Lawal, leƙa.” In leƙa, in dawo in ce masu kayan miya ne. Tun ina leƙawa da sa rai har na koma leƙawa don kada ya ga ban tashi ba.

Wata na bakwai, ana yankan gero, wata Laraba da hantsi ya ce in zauna kusa. Muryarsa ta riga ta shige, sai na kai kunne.

“Yaron nan ba shi zuwa. Kunya ce ta hana shi, na san shi tun yana goye. To ga amana. Ka ce mashi na yafe mashi sunan, na yafe mashi rashin zuwa. Shi kuma shi yafe mani maganar da na yi mashi gaban mutane, ban kyauta ba. Ka kama hannunshi ka faɗa mashi, kamar ni ne.”

Na ce to, Baba. Ya sa na maimaita masa, na maimaita. Bayan kwana biyu, ranar Juma'a bayan la'asar, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyata. Kafin magariba mun rufe shi.

Kabiru ya iso washegari da azahar. Hanyar da ta gagara wata bakwai sai ga shi ya biyo ta cikin yini ɗaya. Ya tsuguna a zaure inda gadon yake ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, ba zan zalunce shi ba. Na tausaya masa. Na ce a raina bari a yi sadakar uku mutane su ragu, in ja shi ɗaki in sauke amanar, don ba magana ce ta cikin taro ba.

Ranar uku sai ga motoci huɗu daga Abuja, abokan aikinsa, har da shugaban nan da aka yi wa takwara. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka yi addu'a. Sai shugaban ya juyo gare ni ya ce:

“Malam Lawal, sai haƙuri. Mutuwar fuju'a akwai ciwo. Mutum lafiya lau, a ce babu shi. Da muka ga sanarwar duk jikinmu ya yi sanyi.”

Na ɗauka ya ruɗe ne, ya haɗa da wata ta'aziyyar. Na dubi Kabiru don ya gyara masa. Kabiru ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Dattawan unguwa suna zaune, Tanko yana zaune, kowa ya ji, ba wanda ya gyara maganar saboda baƙi. Da yamma Kabiru ya bi motocin ya koma, ya ce an ba shi kwana uku ne kawai.

Ranar kasuwa na koma rumfa. Wani mai sayen wake ya yi mini gaisuwa ya nuna mini wayarsa, ga hoton Baba da rawani, ga rubutun Kabiru a ƙasa, mutane ɗaruruwa sun yi addu'a. Ina iya tsintar Turanci kaɗan-kaɗan. Na gane mahaifinmu, na gane ya rasu, na gane Juma'a. A tsakiya akwai wata doguwar kalma da ban taɓa gani ba. Na ari biro na kwafe ta harafi-harafi a bayan kwalin ashana: unexpectedly.

Akwai wani tsoho, Malam Bature, da ya koyar da Turanci a sakandare har ya yi ritaya. Bayan layin masu hatsi yake zama, a shagon ɗansa mai sayar da littattafan makaranta. Ya taɓa koya mini a aji ɗaya, har gobe ɗalibi yake kirana. Na kai masa kwalin. Ya sa tabarau, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta kalmar a hankali.

“Ɗalibi, ina ka samo wannan? Ta fi ƙarfin aji biyu.”

“Malam, fassara nake so.”

“Ba zato ba tsammani. Abin da ya faru alhali ba wanda ya sa ran zai faru. Baƙo ya sauka bai aiko ba. Ruwa ya zuba tsakiyar rani. In an faɗe ta a kan mutuwa, to mutum bai yi jinya ba, ko ya yi ɗan ciwon da ba wanda ya kawo mutuwa a ransa.”

Na ce ya tabbata? Ya ji haushi, ya sa aka sauko masa da wani ƙamus mai kauri kamar bulo, bangonsa ya rabu an ɗaure da roba. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. Malamin makaranta in ka tambaye shi hanya sai ya ba ka tarihin garin. Ya ce asalin kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce, aro suka yi daga tsohon yaren Rumawa, inda tushenta yake nufin mutum ya leƙa waje yana duban abin da yake jira. Daga nan ta zama sa rai. Sai suka liƙa mata ƙaramar gaɓa a gaba mai kore magana, suka ƙara mata wutsiya don ta nuna yadda abu ya faru. Ya rufe farkon kalmar da babban yatsa, ya buɗe, ya sake rufewa, yana nuna mini.

“Ka gani? Da wannan, ana jira. Babu wannan... a'a, na juya. Babu wannan, ana jira. Da shi, ba a jira ba. Tsufa ya fara taɓa ni.”

Ya ce akwai wata 'yar'uwarta, suddenly, ita sauri take nufi, abu ya faru cikin ƙiftawar ido. Mara lafiya zai iya shekara a kwance kuma numfashinsa ya ɗauke lokaci guda, a faɗi waccan ba a yi ƙarya ba. Amma wannan ta kwalin ba ruwanta da sauri. Cewa take ba wanda ya sani, ba wanda aka gaya wa.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sosai, ya tambayi wanda ya rubuta. Na gaya masa. Ya san Baba, ya je dubiya sau biyu. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

“Ɗalibi, kada ka ɗauka da zafi. 'Yan boko sun saba rubuta ta a sanarwa, hannu ne ke tafiya. Ba ka ji a rediyo kowa gajeriyar rashin lafiya yake yi ba, ko ya shekara biyar a kwance?”

Na ce, “Malam, kai da ka koyar da ita, in ɗalibi ya rubuta ma ita a kan jinyar wata bakwai, za ka ba shi maki?”

Ya rufe ƙamus ya mai da robar.

Na koma rumfa na zauna a kan buhu, mutane na tambayar kuɗin tiya ina kallonsu. Abin da ya fara cina ba ni ba ne, Baba ne. Mutum ya yi shekara hamsin yana roƙon abu ɗaya, Allah ya ba shi, ya ba shi har wata bakwai, ya kama hannun duk wanda ya taɓa ɓata wa. Sai ɗansa ya zauna a mota ya rubuta wa duniya cewa irin mutuwar da ya fi tsoro ita ya yi. Don me? Don in ya ce uban ya yi doguwar jinya, tambaya ta gaba ita ce, sau nawa ka je? Mutuwar farat ɗaya ba ta da wannan tambayar. Kowa tausayinka zai ji.

Ban san nawa rabon yana tafe ba. Mutanen Birchi sun ga jinyar da idonsu. Dangi na Kaduna da Kano da Abuja kuma sun ga rubutun. Da aka haɗu a sadakar arba'in aka gwama labarin biyu, sai aka nemi yadda za su zauna tare ba tare da an ƙaryata mai babbar riga ba. Aka samo. Ashe Lawal ne ya ɓoye wa ƙanensa. Wasu suka ce don in kwashe albarkar tsohon ni kaɗai, wasu suka ce don in sa ya yi mini wasiyyar gonar fadama. Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba, wadda ta goye ni, ta kira ni ɗaki ta ce:

“Lawal, ko mi ke tsakaninku, ai ka bari yaro shi ga ubanshi.”

Na ce, “Gwaggo, ki tambaye shi.”

Ta ce ta tambaye shi, ya ce a bar maganar, komai ya wuce. Kun ji. Bai ce na ɓoye ba, bai ce ban ɓoye ba. Ya bar ni a ciki ya tafi.

A ranar na yanke abin da na yanke, kuma shi ne laifina, ba zan rufe muku ba. Na ce tunda a wurinsa Baba ya mutu ba zato ba tsammani, to wanda ya mutu haka ba ya barin saƙo. Na riƙe amanar. Kabiru ya kira ban ɗauka ba. Ya aiko da kayan Sallah na mayar. Shekara huɗu ina riƙe da yafiyar uba ga ɗansa, kamar wanda aka ba ajiyar hatsi ya zauna a kan buhun. Kada ku ɗauka daɗi na ji. Ban ƙara iya zama a zauren nan na Birchi ba. In na je kabarin Baba sai in tsaya daga nesa in yi addu'a in juyo da sauri. Uwarku kaɗai ta sani, don tana bakin ƙofa ranar da ya ba ni saƙon. Duk shekara in azumi ya kama sai ta ce:

“Malam, kayan nan ba naka ba ne.”

In ce na sani. Ta ce to. Ba ta ƙarawa.

Abu biyu suka karya ni a shekara ta huɗu. Na farko ke ce, Hafsatu. Kin dawo daga bikin 'yan'uwa a Kaduna kina ta kumbure-kumbure, da na matsa miki kika ce, “Baba, wai da gaske ne kai ka hana Baba Kabiru ganin Kaka?” Kina da shekara tara lokacin jinyar, da hannunki kike miƙo mini ruwan alwalarsa, amma maganar mutane ta fi abin da idonki ya gani ƙarfi. Na biyu, bayan wata ɗaya jiri ya kwashe ni a kasuwa ina cikin awo, na farka a kan benci ana yi mini fifita, aka ce hawan jini ne. Abin da ya fara zo mini ba ku ba ne, ku yafe mini. Cewa na yi, da na tafi yau, me zan ce wa Baba?

Ba a daɗe ba Gwaggo Hassi ta rasu a Kurfi, muka haɗu da Kabiru a wurin zaman makoki. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu. Muka gaisa kamar baƙi. Bayan azahar na ga ya yi sallama ya nufi motarsa a gindin wata bishiyar bedi, na bi shi. Ya buɗe ƙofa ke nan ya gan ni, ya tsaya.

“Yaya.”

Na ce ya ba ni hannunsa. Ya miƙo. Na kama da hannu biyu yadda Baba yake yi, na faɗa masa saƙon kalma bayan kalma, yadda aka sa na maimaita: sunan, rashin zuwan, da maganar gaban mutane. Na gaya masa ranar da aka ba ni, na gaya masa shekara huɗu ke nan ina riƙe da shi da gangan. Ya zauna a bakin kujerar motar, ƙafa a waje, hannunsa yana cikin nawa.

“Ya ce in yafe mashi? Shi?”

Na ce shi.

“Na yafe. Wayyo Allah, na yafe.” Ya daɗe yana kuka. Sannan ya ce, “Yaya, wallahi ban zata ba. Na ji likita, na ji ka, amma kullum gani nake akwai sauran lokaci. Ina cewa sai na shirya abin da zan faɗa mashi. Da ka kira ka ce ya cika, kamar daga sama na ji.”

Wataƙila gaskiyarsa ke nan. Na yi ta juya maganar tun daga ranar, kuma ban ce ƙarya yake ba. Amma a lokacin sakin hannunsa na yi, na ce masa:

“Kai ne ba ka zata ba, Kabiru. Shi ya zata, ni na zata, Rabi ta zata, duk Birchi sun zata. Da ka rubuta cewa kai ne ba ka shirya ba, da ban ce komai ba. Saƙon Baba na sauke, ka shaida, Allah ya shaida. Riƙe shi da na yi, wannan tsakanina da Baba ne, zan amsa. Shi ya yafe ma. Ni ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ma ƙarya a gidan mutuwa ba. 'Yata ta tambaye ni ko ni na hana ka ganin ubanka. In kana son tawa yafiyar, ɗauko wayar nan, ka koma inda ka rubuta waccan, ka rubuta masu da Turancin da ka iya cewa Malam Isiyaku wata bakwai ya yi yana jinya, ya nemi gafarar kowa, ya tafi a shirye. Ban ce ka rubuta ka ƙi zuwa ba, wannan ka bar wa kanka. Ka rubuta dai cewa yayanka ya gaya ma.”